Ta San Raƙumin Dawa, Ba Ta San Makullin Ɗaki Ba

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da makaho ya san wata doka da ba a rubuta ta ba: kada ka gusar masa da kayansa. Buta tana da mazauninta a bakin ƙofa, takalmi a gefen tabarma, makulli a aljihun rigar da ke rataye, carbi a ƙarƙashin matashi. Taswirar ɗakin tana cikin kansa, kuma muddin ba a taɓa komai ba, hannunsa ba ya kuskure. Rigima tana tashi ne ranar da aka yi shara, ko jika ya ɗauki rediyo ya ajiye a wani wuri, ko ƙwayar magani ta suɓuce ta gangara. Abin da mai ido zai hango da waiwaye ɗaya, shi sai ya durƙusa yana lalube, in ya gaji ya ɗaga murya ya kira wani. Kiran nan shi ne ciwon. Magidanci mai 'ya'ya da jikoki, ko uwar da ta shekara talatin tana riƙe da gida, a wayi gari sai sun roƙi ƙaramin yaro kafin su sami silifas. Ana zuwa, ba a ƙi ba, amma mai kiran yana jin gajiyar da ke cikin takun mai zuwa.

Saboda haka ba na cikin masu ɗaukar manhajojin da ke amfani da kyamarar waya su nemo wa makaho abin da ya ɓace masa a matsayin kayan ƙawa na 'yan birni. Abin da suke ƙoƙarin mayar wa mutum shi ne ikon biya wa kansa ƙaramar buƙata ba tare da ya roƙi kowa ba. Sai dai ina da ƙorafi a kansu. Yawancinsu da hotunan da masu ido suka ɗauka aka koyar da su, a gidajen masu hali, a ƙasashen da ba namu ba. A ganina ba za su yi wa makaho cikakken amfani ba, a Landan yake ko a Gaya, sai ranar da shi da kansa ya zama malamin na'urar.

Da mutane abin ya faro, kafin na'ura ta shigo. A 2010 wani mai bincike a Amurka, Jeffrey Bigham, da abokan aikinsa suka fito da manhajar VizWiz: makaho ya ɗauki hoto da wayarsa, ya yi tambaya da baki, a tura wa wasu ma'aikata a intanet su duba su ba shi amsa. A 2015 Hans Jørgen Wiberg, ɗan ƙasar Denmak wanda shi ma ganinsa ya raunana, ya ƙaddamar da Be My Eyes, inda mai larurar gani ke yin kiran bidiyo, wani ɗan sa-kai a ko'ina cikin duniya ya ɗauka ya ara masa idonsa na minti biyu. Yau 'yan sa-kan sun kai miliyoyi, sun ninka masu neman taimakon sau da yawa. A 2017 kamfanin Microsoft ya saki Seeing AI, wadda cikin maginanta akwai Saqib Shaikh, injiniyan da ya rasa ganinsa tun yana ɗan shekara bakwai. Google ya biyo baya da Lookout a 2019. Waɗannan biyun ba sa kiran kowa. Wayar ce da kanta ke duba abin da ke gabanta ta faɗa.

Yadda take yin hakan ba tsafi ba ne. Ana tara hotuna masu ɗimbin yawa, mutane su bi su ɗaya bayan ɗaya suna zagaye kowane abu da layi suna rubuta sunansa: wannan kofi ne, wannan kujera ce. Sai a yi ta nuna wa kwamfuta, tana canka ana gyara mata, har lissafin da ke cikinta ya daidaita ta fara gane kofin da ba ta taɓa gani ba. Tun 2012, lokacin da wasu masu bincike uku na Jami'ar Toronto suka yi wa sauran 'yan takara fintinkau a gasar gane hotuna ta ImageNet, kowa ya koma kan wannan hanya. To amma na'urar da aka koyar ta haka ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata. Abin da ba ya cikin hotunan, a wurinta babu shi a duniya.

Dubi tarin hotunan da ake kira COCO, wanda aka fitar a 2014, wanda kuma ɗaliban kwamfuta a ƙasashe da dama ke dogara da shi idan za su haɗa na'urar taimaka wa makafi a aikin kammala karatu. Nau'in abubuwa 80 ne a cikinsa. Akwai raƙumin dawa da jakin dawa. Akwai allon sulu a kan dusar ƙanƙara, da allon hawa igiyar ruwa, da sandar wasan besbol, da fiza, da na'urar gasa burodi, da ta busar da gashi. Babu makulli. Babu takalmi, babu walat, babu tabarau, babu sandar makaho. Wato abubuwan da suka fi ɓace wa mutum a cikin ɗakinsa su ne ba su sami shiga ba. Ba na ganin laifin waɗanda suka haɗa COCO, domin ba don makafi suka yi shi ba. Laifin na wanda ya ɗauke shi yadda yake ne, ya liƙa kyamara a jikin sanda ko hula, ya kira 'yan jarida ya ce ya ƙirƙiro wa makafi ido.

Akwai kuma tambayar gidan wa aka ɗauki hotunan. A 2019 masu bincike na kamfanin Facebook sun gwada manyan manhajojin gane hotuna na kamfanoni daban-daban, har da tasu, da hotunan kayan gida waɗanda gidauniyar Gapminder ta Suwidin ta tattaro daga gidajen talakawa da na masu kuɗi a ƙasashe masu yawa. Sun tarar da tazarar kusan maki goma cikin ɗari tsakanin gidan da ke samun ƙasa da dala 50 a wata da wanda ke samun sama da dala 3,500, kuma tazarar ta fi haka faɗi idan aka kwatanta kayan gidajen Amurka da na Somaliya ko Burkina Faso. Sabulun wanka a wani gida a Nepal, manhajojin suka ce abinci ne, domin sabulun da suka saba gani na ruwa ne a cikin kwalba mai famfo. Yanzu ka shigo da wannan na'ura tsakar gida a Daura ko Maraɗi. Ga ludayi, ga faifai, ga ƙwarya, ga ƙullin daddawa, ga kuka a leda. Tamkar baƙo ne da ya sauka jiya daga wata nahiya aka ce ya miƙo muciya: idonsa lafiya lau, yana ma kallonta, amma bai san ita ake nufi ba.

Wani abu ma ya fi wannan tsoratar da ni. Seeing AI da Lookout suna iya karanta rubutun da ke jikin kwali ko kwalba, da lambar nan mai zane-zanen layi da ake bugawa a kayan kanti, su faɗa maka abin da ka riƙe. Wannan dabara ce mai kyau a inda abin da ke cikin mazubi shi ne abin da aka rubuta a bayansa. Mu kuwa da mudu da ƙulli muke sayayya, kuma ba ma zubar da mazubi. Gwangwanin madara gishiri ne a ciki, robar man shafawa yaji ce, kwalbar lemo kuma sau da yawa kananzir ne ko fiya-fiya. Wayar za ta karanta sunan lemon daidai, babu kuskure ko na harafi ɗaya. Makahon da ya saba zai shinshina kafin ya kai baki, kamar yadda yake yi tun kafin a ƙirƙiri waya. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda bai daɗe da makancewa ba, wanda aka danƙa wa waya aka ce masa ta san komai.

Za a ce mini zancen nau'i 80 tsohon zance ne, kuma da gaskiya a ciki. A Maris na 2023 Be My Eyes ta fara gwada wani mataimaki na ƙirƙirarriyar basira da aka gina a kan GPT-4 na kamfanin OpenAI, wanda daga baya aka sa wa suna Be My AI. Irin wannan ba shi da ƙayyadadden jerin sunaye. Ka nuna masa hoto, ya kwatanta maka ɗakin dalla-dalla, ka yi masa tambaya ya amsa, ka sake tambaya ya ƙara bayani. Makafi da yawa sun yi murna da shi, kuma suna da hujja. Amma shi ma daga hotunan intanet ya yi karatu, intanet kuwa ba ta raba hotunanta daidai tsakanin Niw Yok da Nguru ba. Ga shi kuma da wani hali wanda tsofaffin manhajoji ba su da shi sosai: idan bai gane abu ba, ba lallai ne ya yi shiru ba, yana iya ƙaga amsa ya faɗe ta cikin natsuwa da daɗin baki, da muryar da yake faɗin gaskiya da ita. Mai ido in aka yi masa haka zai kalli abin ya gane an yi kuskure. Makaho da me zai tantance? Kamfanin Be My Eyes da kansa ya gargaɗi masu amfani da shi kada su dogara da mataimakin wajen karanta takardar magani ko tsallaka titi, kuma kada su ɗauke shi madadin sanda. Ina ganin na'urar da ta iya cewa "ban gani sosai ba, matso da wayar" ta fi wadda ta fi ta ilimi amma ba ta iya faɗin haka.

A nan ne nake son mai karatu ya lura da wani bambanci da masu ƙira suka daɗe ba su ba shi muhimmanci ba. Gane cewa wannan makulli ne daban, gane cewa wannan makullina ne daban. A 2024 Google ya ƙara wa Lookout wani sashe na neman abu, inda za ka zaɓi ɗaya daga cikin rukuni bakwai, kamar kujeru da tebura ko banɗaki, wayar ta gaya maka ta wane gefe abin yake da nisansa. Yana da amfani ga wanda ya shiga baƙon wuri, ofis ko asibiti. Amma a gida ba kowace kujera mutum ke nema ba. Makauniyar da ke zaune da kishiya da 'ya'ya mata uku ba mayafi take nema ba, nata mayafin take nema a cikin guda shida da ke kan igiya. Wanda ya fito daga masallacin Juma'a ba ya buƙatar a gaya masa akwai takalma a ƙofa.

Abin da ya fi burge ni a wannan fage gaba ɗaya shi ne wani aiki da ake kira ORBIT, wanda sashen bincike na Microsoft ya yi tare da jami'ar City ta Landan da wasu abokan aiki, aka fitar da shi a 2021. Maimakon su kwaso hotuna daga intanet, sai suka nemi makafi da masu raunin gani su ɗauki bidiyon kayansu da wayoyinsu, a gidajensu, da hannunsu. Aka sami bidiyo 3,822 na abubuwa 486. Hotunan ba su da kyau in da idon mai ɗaukar hoto za a duba: wani ya karkace, wani ya yi dishi-dishi, wani rabin abin ne kawai ya fito, wani yatsa ya rufe gefen kyamara. Darajarsu ke nan, domin irin hotunan da na'urar za ta riƙa samu a wurin aiki ke nan. Daga wannan bincike aka gina wani sashe na Seeing AI mai suna Find My Things. Mutum zai ajiye abinsa, ya ɗauke shi 'yan gajerun bidiyo ta fuskoki daban-daban wayar tana yi masa jagora da sauti, ya raɗa masa sunan da ya ga dama. Gobe in ya ɓace, sai ya zaɓi sunan, ya riƙa zagaya wayar a ɗaki, sauti ya riƙa canzawa yana kusantar abin har hannunsa ya kai.

Wannan tsari ya warware matsala biyu a lokaci guda. Ba sai wani injiniya a Amurka ya san mene ne carbi ko zabira ba, tunda mai abin ne zai koya wa wayarsa. Kuma ikon ya dawo hannun wanda ya dace: shi ke zaɓar abin da ya dame shi, ba a zaɓa masa ba. In da ni za a tambaya inda ya kamata a zuba kuɗin bincike, nan zan nuna.

Ko da haka, akwai iyakokin da ya kamata a faɗa wa mutane tun kafin su sa rai. Kyamara sai an saita ta, saiti kuwa aikin ido ne. Lokacin da Danna Gurari da abokan aikinta suka tattara tambayoyi sama da 31,000 da makafi suka aika ta VizWiz, suka fitar da su a 2018, an tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba su amsuwa ko ga mutum mai ido, saboda hoton ya yi duhu, ko ya girgiza, ko abin da ake tambaya a kai bai ma shiga ciki ba. Sannan makaho ba ya buƙatar fitila, kyamara kuwa tana buƙata. Mutumin da ya shekara ashirin bai damu da an kawo wuta ko an ɗauke ba, yanzu sai ya damu. Abin da ya faɗa bayan gado ko ya shige ƙarƙashin tabarma, babu kyamarar da za ta gan shi. A irin wannan 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a makulli ta yi ƙara in an kira ta daga waya ta fi duk wata basira amfani, kuma ta fi arha.

Sai taƙin ƙarshe, tsakanin hannu da abin da ake nema, wanda shi ne mafi wuya. A ce maka "akwai kofi a gabanka" bai wadatar ba. Dama ko hagu? Taku nawa? A ƙasa ko a kan tebur, kuma akwai shayi mai zafi a ciki? Kamfanin Apple ya yi ƙoƙari a nan: a 2020 ya sa wa wayoyinsa fasahar gane mutum da auna nisansa, a 2022 ya ƙara ta gane ƙofa, amma dukansu sun dogara ne da wata 'yar na'ura mai auna nisa da haske wadda ake kira LiDAR, ita kuwa a manyan wayoyinsa masu tsada kaɗai ake samunta. Wasu manhajojin da fuskar agogo suke kwatance, su ce abin yana wajen ƙarfe biyu. Makafin Turai da Amurka an koyar da su wannan a makaranta. Dattijon da aka haifa makaho a ƙauye bai taɓa shafa fuskar agogo ba, amma ka ce masa gabas, ko kudu da gadonka, ba zai ɓata ba, domin sau biyar a yini yake fuskantar alƙibla a ɗakin nan. Wanda bai zauna da mutanen ba, ba zai taɓa tunanin ya gina wannan a cikin manhaja ba.

Akwai batun sirri, wanda a wurinmu ba ƙarami ba ne. Masu binciken VizWiz sun lura cewa hotuna da yawa da makafi suka aika suna ɗauke da abin da mai shi ba zai so a gani ba: kwalbar magani mai suna, katin banki, wasiƙa, sakamakon gwajin ciki. Wani sa'in da gangan aka ɗauka don ana neman a karanta, wani sa'in kuma abin ya shiga hoton ne mai ɗauka bai sani ba. Yanzu ka tuna cewa neman abu yana nufin zagaya kyamara a cikin ɗakin kwana, a gidan da ko ɗan'uwan miji sai ya yi sallama ya jira izini. Idan hotunan suna fita zuwa kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, wa ke gani, kuma har yaushe ake ajiye su? Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma matar da ke neman ɗankunnenta ba za ta kai kamfanin Kalifoniya ƙara ba. Mafita ita ce manhajar da ke yin aikinta a cikin wayar, hoton bai fita ko'ina ba. Wannan kuma shi ne ke magance matsalar data da ta rashin sabis a lokaci ɗaya. Duk da haka ban manta da ɗaya gefen ba: akwai abin da mutum ya gwammace na'ura ta gani da a ce maƙwabci ko ɗan cikinsa ya gani. Saƙon banki na cikin irinsu, da sakamakon asibiti.

Kuɗi kuwa ba sai an tsawaita ba. Na'urar OrCam MyEye ta Isra'ila, wadda ake maƙalawa a jikin tabarau, an sayar da ita sama da dala dubu huɗu. A canjin naira 1,500 kan dala, wannan ya kai albashin kusan shekara bakwai ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Tabaran Envision na ƙasar Holan an gina su ne a kan Google Glass, shi kuwa Google ya daina sayar da na'urar a Maris na 2023, abin da ke nuna haɗarin rataya rayuwar mutum a kan kayan da kamfani zai iya janyewa ranar da lissafinsa ya canza. Seeing AI kyauta ce, amma ta shekara shida a kan iPhone kaɗai kafin ta iso Android a Disamba na 2023, alhali Android ce a hannun mafi yawan masu wayar zamani a Afirka. Da ta iso, da harsuna 18 ta zo, babu na Afirka ko ɗaya a ciki. Sashen gane takardun kuɗi na Lookout da dala ya fara, daga baya aka ƙara masa yuro da rufi na Indiya. Mu kuma takardunmu na 200 da 500 da 1,000 girmansu ɗaya, kuma tun sauyin fasalin da Babban Banki ya yi a ƙarshen 2022, tsofaffi da sababbi ke yawo tare. Makaho ɗan kasuwa ya fi kowa sanin abin da wannan ke nufi a lokacin ba da canji.

Ba wai babu masu ƙoƙari a gida ba. Masu bincike irin su Idris Abdulmumin da Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsu sun fitar da tarin bayanan hotuna da Hausa a 2022, sannan a 2023 suka fitar da wani na tambaya da amsa a kan hotuna mai suna HaVQA. Aiki ne da ya cancanci yabo, domin kafin su fagen fayau yake. Sai dai hotunan daga wani tsohon tari na Turanci aka ɗauko su aka fassara bayanansu. Harshen ya zama namu, ɗakunan da titunan da ke cikin hotunan har yanzu na wasu ne. Matakin da ya rage shi ne wanda ORBIT ta nuna.

Kuma masu buƙatar ba kaɗan ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru. Arewa maso Gabas ce ta fi yawan kaso, 6.1, Kudu maso Yamma kuma 2.8. Amma binciken ya faɗi wani abu da bai kamata ɗokin fasaha ya mantar da mu ba: kashi 84 cikin ɗari na makantar abin da za a iya kaucewa ne ko a warkar, kuma yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43. Wanda yana ta rufe wa ido aikin tiyata na 'yan mintoci yake buƙata, irin wanda asibitin ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ke yi kullum. Zai zama zalunci a miƙa masa manhaja. Gwamnan da zai raba wayoyi ɗari a gaban kyamara alhali dubban masu yanar ido suna jiran aiki a jiharsa, neman suna yake yi. Manhaja ta waɗanda ganinsu ba zai dawo ba ce: masu hawan jinin ido da aka gano a makare, waɗanda ƙyanda ta lalata wa ido tun suna yara, da waɗanda aka haifa haka.

Ban kuma yarda da masu cewa waya za ta sallami ɗan jagora ba, aƙalla ba yanzu ba. A titin da kwata ke buɗe, 'yan adaidaita ke shigowa ta ko'ina, babu wanda zai ajiye sanda ko hannun yaro ya bi muryar waya, kuma bai kamata ya yi ba. Abin da za ta iya shi ne ta rage yawan kiran da ake yi wa yaron a cikin gida, ta yadda uba zai iya wuni shi kaɗai daga safe zuwa azahar ba tare da komai ya tsaya masa ba. Sa'o'in nan kuwa su ne sa'o'in makaranta. Duk wanda ya ga yarinya 'yar shekara tara riƙe da sandar kakanta a lokacin da sa'o'inta ke aji ya san abin da nake nufi.

Kayan aikin duk muna da su. Akwai makarantar makafi ta Gindiri da ke aiki tun 1953, akwai Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, akwai sarakunan makafi a garuruwanmu waɗanda kiransu ɗaya zai tara ɗaruruwa, akwai hukumar kula da masu buƙata ta musamman da aka kafa bayan dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019, akwai sassan nazarin kwamfuta a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Abin da ake buƙata shi ne a haɗa su a aiki ɗaya: makafi maza da mata su ɗauki bidiyon kayansu a ɗakunansu da irin wayoyin da ke hannun talaka, da yardarsu, a biya su ladan aikinsu kamar yadda ake biyan kowane ma'aikacin bincike, a tace abin da ya shafi sirrinsu, kuma su kasance a teburin da ake yanke shawarar abin da za a gina. Manhajar da za ta fito ta yi magana da Hausa, ta yi aiki ba tare da data ba, ta san naira da sefa.

Kai kuma malamin jami'a da ɗalibi zai kawo wa aikin "sanda mai basira" ko "tabarau mai gani" a ƙarshen wannan zango, ina roƙonka da abu ɗaya. Kafin ka sa hannu, tambaye shi makafi nawa ne suka riƙe na'urar, a ɗakin wa, kuma me suka ce. Idan amsarsa ita ce ya ɗaure wa abokinsa ido da ƙyalle sun gwada a ɗakin gwaje-gwaje, ka mayar masa da aikin, ka haɗa shi da shugaban ƙungiyar makafi na garinku.